Tukunyar Gas Ta Uku

Tsofaffin tukwanen gas uku Auta ta jera a filin bayan shagonta na walda kafin ta tashi aiki. Da safe ta tarar da biyu. Ta leƙa ƙarƙashin tebur, injin yankan ƙarfe ma ya bi sahu. Kafin ta rufe baki daga salati maƙwabta sun cika filin, don a layin nan labari ba ya jiran a aike shi.

Auta ce 'yar ƙarshe a gidansu, kuma ita kaɗai ta gaji sana'ar mahaifinta. Tana ɗauke da cikin wata bakwai, amma cikin bai rage mata komai a baki ba.

"Wanda ya yi min wannan bai da tsoron Allah," in ji ta, hannu ɗaya a ƙugu. "Mace da tsohon ciki tana neman na kanta, ita za a zo a yi wa sata?"

"Mai gwangwan ne," in ji wata maƙwabciya. "Jiya sau biyu ya wuce nan da baronsa yana leƙe."

"Ko direban nan da ya tare kwanan nan," in ji wani. "Da sassafe na ga yana cusa wani abu mai nauyi a bayan mota."

Aka aika a kira Mai-sawu.

Shekara talatin Mai-sawu ya yi a gandun daji yana bin sawun dabbobi da na masu harbinsu, har gwiwoyi suka ce masa ya isa. Yanzu akuya in ta ɓata, ko keke, shi ake nema. Yana da ɗabi'a guda wadda yara ke kwaikwaya in ya ba da baya: da zarar ya shiga wurin da aka yi ɓarna sai ya goya hannuwansa a baya, ba ya taɓa komai sai ya gama kallo.

Kafin ya goya su ranar nan, ya tsaya a ƙofar shago ya gaida Baban Auta. Tsohon yana kan kujerar roba inda yake wuni kullum. Shi ya kafa shagon, shi ya koya wa rabin masu waldan garin riƙe wuta. Bara ya faɗi a bakin aiki, ƙafar hagu ta ɗan karkace, tun daga nan Auta ta kafa masa doka: zai iya zama, zai iya ba da shawara, amma hannunsa ba zai ƙara taɓa inji ba. Tare suka tashi da Mai-sawu, shi ne babba da shekara shida.

"Yaya, an tashi da abin haushi."

"Haka Allah ya so," in ji tsohon. Ya kama hannun Mai-sawu da hannu bibbiyu, ya riƙe shi ya ɗan jima, idonsa na kan titi.

*

Filin ya sha ƙafafu. Mai-sawu ya dubi ƙasa, ya dubi jama'a.

"Sannunku da aiki. In ɓarawon ya ɗauke ku haya ne, ku je ya sallame ku, kun goge masa komai tas."

Aka yi dariyar kunya, aka ja baya. Ya durƙusa da ƙyar a gaban tukwanen. Biyun da suka rage sun nutse cikin ƙasa kamar rabin ɗan yatsa. Inda ta ukun ta tsaya kuwa zoben da gindinta ya bari da ƙyar ake ganinsa.

"Auta, me ya sa waɗannan suka fi waccan nauyi?"

"Ruwa ne a cikinsu, Kawu. Na cire musu kai, na cika su da ruwan sabulu har ya yi ambaliya, yau kwana uku. Murhu zan yi da su. Waccan shekaranjiya aka kawo ta, tsatsa ta kama kan, ya ƙi kwancewa. Na zuba masa mai na bar shi ya jiƙa..."

Ta tsaya cak. Hannun da ke ƙugu ya koma kan ciki.

"Kawu, da gas a cikinta."

"Ba fanko ba ce?"

"Tukunyar gas ba ta zama fanko. Ko ta shekara goma a yashe, ko ka buɗe ba ka ji huci ba, akwai saura kwance a ciki. Tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Kuma ga shi an haɗa da injin yanka."

Mai-sawu ya tambayi yaushe za a kawo wuta. Kowa ya sani: layinsu sai ƙarfe huɗu na yamma. Ya duba agogonsa, tara ta wuce da kwata.

"To yanzu ba ɓarawo muke nema ba," in ji shi. "Mutum muke nema kafin huɗu."

Kwaɗon ƙofar filin lafiyarsa ƙalau. Wannan bai gaya masa komai ba, don Auta tana ɓoye mabuɗi a ƙarƙashin bulo, ɓoyon da duk unguwa ta sani. A waje ne ya sami abin da yake so: siririn layi mai lanƙwasa, irin wanda bakin gindin tukunya ke bari in an karkata ta ana mirginawa. Taku goma sha biyu, sai zobe, an tsayar da ita. Wani taku goma, wani zoben. Haka har bakin kwalta, inda ƙasa ta daina magana.

*

Ya sami mai gwangwan a rumfarsa yana ware gwangwanaye, samari biyu na tsaye nesa kaɗan suna harararsa. Hannuwansa baƙi ƙirin da mai, don haka gwiwar hannu ya miƙo aka gaisa.

"Na san abin da ya kawo ka, Baba. Duk abin da ya ɓata a layin nan, baro na ake fara dubawa."

"An ce jiya ka leƙa filin sau biyu."

"Na leƙa. Guntayen ƙarfen da take zubarwa nake dubawa, ita ta ce in riƙa kwashewa." Ya ɗaga hannun dama. Yatsu biyu ne da rabi. "Ka ga wannan? Ina da shekara ashirin na sa guduma a kan tukunyar da aka rantse min ba komai a ciki. Ni da rufaffiyar tukunya ko kyauta aka ba ni, sai dai in canza hanya."

Mai-sawu ya dubi baron, ya dubi kafaɗun mutumin. Mai baro da irin wannan ƙarfi ba zai tsaya mirgina tukunya yana hutawa kowane taku goma ba. Ya juya wurin samarin ya ce su je su nemi abin yi.

Direban kuwa ƙafafunsa kawai ya gani, sauran jikin na ƙarƙashin mota. Daga can ya amsa sallama.

"Abu mai nauyi? Jarkar ruwa ce. Famfon gidan mahaifiyata ya lalace, kullum da safe nake kai mata. Buɗe bayan motar ka gani, har yanzu a jiƙe yake."

"Buɗe min da kanka in ka fito."

Ya fito yana gunaguni ya buɗe. Tabarmar motar a jiƙe, ba ɓurɓushin tsatsa ko ɗaya.

"Wata biyu da tarewata," in ji direban, "ba wanda ya taɓa tambayata ya na kwana. Yau ga shi kowa ya san ni."

Mai-sawu ya ba shi haƙuri, ya kuma tambaye shi lafiyar mahaifiyar.

*

Sha biyu ta gota lokacin da ya zauna a bencin mai shayi, gwiwoyinsa na zugi. Mai shayi shi ne farkon tashi a layin, ya ce bai ga kowa ba, yana bayan labule yana hura wuta. Amma ya ji.

"Gurrr, sai shiru. Can kuma gurrr, sai shiru. Na ɗauka wani ne ke jan ganga."

"Shirun yana daɗewa?"

"Sosai. Har na zuba ruwa a buta na dawo bai motsa ba. Ɓarawo mai hutu ke nan."

Ya miƙo masa kofi. Mai-sawu ya kai shi baki, sai ya dakata. Wani wari ya riga shayin isa hancinsa, warin ruɓaɓɓen ƙwai, irin na gas. Ya sansana kofin, ba shi ba ne. Ya ajiye, ya sansana tafinsa na dama.

Ya zauna yana lissafa abin da hannun nan ya taɓa tun safe. A filin Auta yana goye a baya. Mai gwangwan gwiwar hannu ya ba shi. Direba ba su gaisa da hannu ba, motar ma bai taɓa ba. Hannun mutum ɗaya tak ya shiga tafinsa yau, kuma hannu ne wankakke fes, ba tsatsa ba datti. Mai hannun ya wanke duk abin da ido ke gani, ya bar abin da hanci ke ji.

Hannun Yaya ne. Ya tuna watan jiya ya shiga ɗakin Yaya ya tarar gefen bargo na cin wuta a kan maganin sauro, ɗaki ya cika da ƙauri, tsohon na zaune yana sauraron rediyo. Ranar ya ɗauka gyangyaɗi ne.

"Shayin bai yi ba ne?" in ji mai shayi.

"Ya yi. Ajiye min, zan dawo."

*

Tsallaken kwalta, a lungun da ke bi ta bayan gidan su Auta, layin mirgina tukunyar ya sake bayyana. Nan ba wanda ya taka. Ga zobe, ga kuma sawun silifas kusa da shi, ƙafar hagu ta karkata waje. A wuri guda mutumin ya zauna kan dutse, dugadugansa sun haƙa ƙasa lokacin da yake ƙoƙarin miƙewa. Mai-sawu ya daɗe yana kallon wurin. Ya bi sawun zaki bai ji abin da ya ji yanzu ba.

Sawun ya ƙare a ƙofar wani ɗan ɗaki na langa-langa, inda Baban Auta ya fara sana'a shekara hamsin da suka wuce, yanzu ma'ajin tarkace. Yana tura ƙofar warin ya doke shi. Tukunyar na tsaye a tsakiya, an samu an murɗa kanta an bar shi a buɗe. Injin yanka na gefe, an riga an soka shi a soket, yana jiran ƙarfe huɗu. A kan tukunyar an zana layi da alli, tsaf, ba rawar hannu: wurin zama, da majingina mai lanƙwasa daidai bayan mutum.

A kusurwa ga irinta nan, tsohuwa, tsatsa ta cinye gindinta. Mai-sawu ya gane ta. Kujerar da Yaya ya yanka wa marigayiya matarsa ce lokacin da take da cikin Auta, bayanta na ciwo. A kanta ta yi ta zama har ta bar duniya.

Ya zare filogin, ya sa injin a jakarsa. Ya murɗa kan tukunyar ya rufe, ya mirgina ta waje zuwa inuwa inda iska ke kaɗawa, ya tokare ƙofa da taga a buɗe. Daga nan ya zauna kan dutsen nan yana haki.

Yau dai an tsira. Amma ya san mutumin. In ya je ya ce masa, Yaya hancinka ya mutu, zai ce hancin ubanka ne ya mutu, shi da ke gane tukunya daga bakin ƙofa tun Mai-sawu bai san komai ba. Wata biyu, uku, zai sake samun wata tukunyar da wani injin, ya buɗe, ya sansana, ya ce lafiya lau. Ba wanda zai iya gaya wa Yaya wannan magana sai shi kansa Yayan.

Ya koma ɗakin ya ɗauko tsumman da aka murɗa kan tukunyar da shi. Guntun tsohuwar riga ce mai ratsin shuɗi.

*

Uku da rabi ya tara su a filin: Auta, mai gwangwan, direba, mai shayi, da maƙwabtan da suka fi kowa baki da safe. Ya sa aka shigo da kujerar Baban Auta, ya ce shari'ar ƙarfe ba ta yiwuwa ba babban oga.

Ya zaro tsumman. Ya ga idon tsohon ya sauka a kan ratsin shuɗin ya tsaya.

"Wannan na tsinta a hanya," in ji Mai-sawu. "Kowa ya sansana ya gaya min abin da ya ji."

Mai gwangwan bai ma kai shi hanci ba ya kawar da kai. "Gas ne. Ɗauke min shi." Direba ya yi tari. Mai shayi ya toshe hanci ya ce a tausaya wa cinikinsa. Maƙwabciyar nan ta yi tsaki ta ja da baya. Auta ta sansana, ta yamutsa fuska.

Sai ya miƙa wa tsohon, a hankali, da hannu biyu.

"Yaya, kai ne masani."

Baban Auta ya karɓa. Ya dubi fuskokin mutanen ɗaya bayan ɗaya. Ya kai tsumman hanci ya ja numfashi. Ya sake ja, ya tura hancin ciki sosai, ya ja har kafaɗunsa suka ɗaga. Mai-sawu ya ga lokacin da tsohon ya gane ba ya jin warin. Hannun ya sauko kan cinya. Tausayi ya kama Mai-sawu har ya ji da ma bai iya karanta ƙasa ba.

Ya juya wa tsohon baya don ya tare shi daga idon jama'a, ya ɗaga murya.

"Na ga tukunya, na ga inji, duk suna hannu, ba wanda zai ji ciwo. Ba sata aka yi ba. Mai gwangwan da direba ba ruwansu, kuma akwai waɗanda ya kamata su ba su haƙuri kafin su bar nan. Shi ke nan, kowa ya kama gabansa."

"A'a, Kawu," in ji Auta. "Ba sata ba, to mene ne? Sai na ga fuskar marar kunyar da ya..."

"Ga ta nan."

Muryar daga bayan Mai-sawu ta fito. Tsohon ya dafa hannun kujera ya miƙe da kansa.

"Ni ne, Auta. Ni na ɗauka." Ya dubi mai gwangwan da direba. "Ina zaune a ƙofa aka kira sunanku, na yi shiru. Ku yafe min." Ya koma kan 'yarsa. "Kullum ina kallonki tsugune kan bulo kina walda, in za ki tashi sai kin dafa bango. Kujera na so in yi miki, irin ta uwarki. Na san in na tambaya za ki hana. Kan ya fi ƙarfin hannuna in cire, ruwa kuma in na ɗebo za a gan ni. Sai na buɗe na saurara, ba huci. Na sansana." Ya ɗaga tsumman. "Ban ji komai ba. Yanzu ma ban ji ba."

A daidai nan ƙwan fitilar shago ya kama, firji a gidan maƙwabta ya fara gurnani. An kawo wuta, saura minti goma ƙarfe huɗu ta cika. Duk wanda ke filin ya ɗaga kai ya dubi ƙwan.

Auta ta dubi ƙwan, ta dubi ubanta. Ta zauna kan bulon nan ta fashe da kuka.

"Baba, kai ka koya min. Ina shekara tara ka ce min hanci ba shaida ba ne, ruwa ne shaida. Ka mare ni a kan haka!"

"Na mare ki."

"To da na rasa ka saboda kujera, a kan me zan zauna in yi kukanka?"

Mutane suka sulale ɗaya-ɗaya. Maƙwabciyar ta tsaya a ƙofa ta ce wa mai gwangwan gobe ya zo akwai tsohon gado a gidanta. Wani ya tambayi direba ya ya wuni.

*

Washegari aka kawo tukunyar fili, nesa da duk wata wuta. Mai gwangwan, wanda ya ce hanya yake canzawa, shi ya rungume ta, fuskarsa a kauce, direba ya sa wa doguwar sifana ƙarfi har kan ya kwance. Auta ta zuba garin sabulu, ta zura tiyo, ruwa ya cika ya yi ta zuba. Aka bar ta kwana uku, aka zubar, aka sake cikawa. Tsohon na kan kujerarsa yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Ruwa ya wanke allin, shi ya sake zanawa, Auta ta riƙe masa tukunyar.

Ranar yanka Mai-sawu ya zo shan shayinsa da ya bari. Auta ta rage ruwan zuwa ƙasan layi kaɗan, ta sa tabarau, ta ɗauki inji. Sai ta tsaya. Ta ɗauko wani tabarau ta rataya wa ubanta, ta kama hannunsa na dama ta ɗora kan nata a mariƙin injin.

"Dokar tana nan," in ji ta. "Hannunka bai taɓa inji ba. Hannuna ka taɓa."

"Karkata shi kaɗan," in ji tsohon. "Kin cika gaggawa, kamar uwarki."

Da la'asar kujera ta fito, an goge bakinta, an ɗora matashi. Auta ta zauna a hankali, ta jingina, ta lumshe ido. Lanƙwasar ta kama bayanta daidai.

Tsohon ya sunkuya ya kai hancinsa ga majinginar, abin da ya saba yi shekara hamsin. Ya ja numfashi, sai ya tuna. Ya ɗago, ya ɗan yi murmushi.

"Auta, me kike ji?"

Ta sansana. "Sabulu, Baba. Da ƙaurin sabon yanka."

"Yauwa," in ji shi, ya koma ya zauna kusa da ita. "Ci gaba da gaya min."